Wankan Jego a Hawa na Uku

Tun da na dawo ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na kafa tiren ƙuli da jarkar man gyaɗa a bakin titi, sai an tare ni: "Indo, ya Turai?" In na shiga gidan suna, mata su bar mai jego su zagaye ni. Na ba da labarin nan har muƙamuƙina ya gaji, kuma na lura kowa na ƙara nashi. Jiya na ji wai 'yan sanda sun kwana da ni a Madrid. Ba su kwana da ni ba, awa biyu ne. Shi ya sa na sayi littafi mai layi na ce bari in rubuta da hannuna, tunda ban zauna ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da huɗu don ado ba. Wadda ta iya karatu ta karanta ma wadda ba ta iya ba, a ƙyale ni in yi sana'ata.

Ɗiyata ta fari ce sanadin tafiyar. Ba zan sa sunanta a nan ba tukuna, kun san dalili. Ranar da aka yaye ta, yayar mahaifinta, Gwaggo Hansai, ta goya ta zuwa Mawashi, can ƙasar Kusada. Can ta girma, can ta yi makaranta, daga can aka kai ta ɗakin miji. Gwaggo take ce ma Inna. Ni kuwa Yaya take ce mani, kamar yadda 'ya'yan fari ke yi. Mijinta malamin gona ne, aka tura shi Sifen ƙaro karatu kan noman rani, ya tafi da ita. Gwaggo ta rasu bara, Allah ya jiƙanta. Da labari ya zo cewa yarinyar ta kusa sauka, dangi suka zauna ana tambayar wa zai je jego.

Na ce, "Ni."

Ƙanwata ta riƙe baki. "Indo, 'yar fari ce fa. Ba ki jin kunya?"

Na ce, "Ina ji. Zan sa ta a jaka in tafi da ita."

Aka yi dariya, aka ce Indo ba ta canzawa. Abin da ban gaya ma kowa ba shi ne, shekara ashirin da tara ban sa hannu a jikin yarinyar nan ba. Ko kitso. In ta zo hutu Kankia sai in kau da kai in ce a ba baƙuwa abinci. Jego ne kaɗai ƙofar da al'ada ta bari a buɗe, ita ma don Gwaggo ba ta nan. In na bari ta rufe, ban ga wata ba.

Wahalar farko a Abuja na sha ta, wurin neman biza. Akwai wani gilashi da ake ɗora yatsu. Na ɗora, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Yarinyar da ke wurin ta juya tafina ta duba, ta ce, "Mama, ina zanen yatsunki?" Na ce yana cikin ƙulin da mutanen Kankia suka ci shekara talatin. Sai da aka shafa mani mai, na danna kamar ina matse tunkuza, sannan abin ya yarda ni mutum ce. Kwana sittin suka ba ni.

Maƙwabciyata a bakin titi, Maman Ifeanyi mai robobi, ƙanenta na Italiya, don haka ita ce malamata kan Turai. Ta zauna kan buhu tana kallon kayan da nake ɗaurewa.

"Indo, wannan fa?"

"Ganyen bedi, dogon yaro. A inuwa na shanya shi."

"Wannan?"

"Kanwa, ta kunu. Gero. Yaji. Daddawa."

Ta ɗaga ƙunshin kilishi. "Wannan ba zai shiga ba. Nama ba ya shiga, na rantse maki da Allah."

Na ce, "Ke dai kawo. Wa zai gani a cikin zane?"

Motar Kano na shiga a nan bakin titi, daga Kano sai Abuja, daga Abuja jirgi. Ba zan ɓata takarda kan jirgi ba, Hajiyoyi sun riga sun ba ku labari. Abu ɗaya zan ƙara: da ya fara gudu zai tashi na damƙe hannun wanda ke kusa da ni, wani Bayarabe mai kwat, ban sake shi ba sai da aka kawo abinci. Bawan Allah da hagu ya ci shinkafarsa, don dama ta daina aiki. Muka canza jirgi a wata ƙasar Larabawa, muka sauka Madrid da hantsi.

Wanda zai gani a cikin zane, ashe kare ne. Ina tura kayana sai ga wani ma'aikaci da kare, fes da shi, har da rigar aiki. Ya wuce Turawa goma, ya zo ya zauna gaban jakata kamar ni na haife shi. Na ce, "A'uzu billahi, tafi!" Aka ce in biyo su.

A wani ɗaki suka zazzage komai kan tebur. Kilishi suka fara ɗaukewa, na ji muryar Maman Ifeanyi har cikin kunnena. Sai suka buɗe buhun ganye, suka kalli juna. Suka fasa kanwa, fara fat, suka sake kallon juna. A nan na gane abin da suke zato. Ni Indo, da ko goro ban cika ci ba! Ba Hausa, ba Turanci, don Turancina bai wuce na farashi ba. Sai na damƙi ganye, na tsoma cikin bokitin da babu shi, na fara fyaɗa ma bayana da cikina, ina nuna jariri a hannu. Wata ma'aikaciya ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

Suka kira Malam, surukina, a waya, yana waje yana jira. Ya yi masu bayani, sannan ya ce mani, "Yaya, suna so ki faɗi sunan wadda kika zo wurinta."

Na ce, "Ba ga shi a takarda ba?"

"Da bakinki suke so."

Na ɗora yatsa kan sunan a takardar gayyata, na danna, na kalli matar ido cikin ido. Ta nuna bakinta. Na ƙara dannawa. Ban san abin da Malam ya gaya masu ba, na dai ji ya daɗe yana magana, muryarsa kamar mai roƙon ruwa. Abin da ya raba mu daddawa ce. Wani ya kwance ledarta ta uku, karen ya yi atishawa ya ja da baya, aka buɗe taga, aka ce in kwashe kayana in tafi. Ganye da kanwa suka tsira.

Daga Madrid mota muka shiga zuwa kudu, tafiyar kusan Kankia zuwa Kaduna da ɗoriya. Malam na nuna mani gonakin da aka lulluɓe da leda, yana bayanin yadda ake ba tumatir ruwa ɗigo-ɗigo. Ni hankalina na kan tukunya. Na ce, "Kuna da babbar tukunya? Itace fa?" Sai ya ce, "Yaya, an haihu kwana huɗu da suka wuce. Mace. Amma aiki aka yi mata. Ba mu faɗa ba don kada hankalinki ya tashi a hanya."

Gidan a hawa na uku yake, ɗaki biyu da falo, ba tsakar gida, ba inda za ka zubar da ruwan wanke hannu. Ɗiyar tawa ta buɗe ƙofa tana dafe da ciki. Ta rame. Ta ce, "Yaya, sannu da hanya." Na ce, "Yauwa. Ina baƙuwar?" Na wuce ta na ɗauki jaririya, don ita ba kunya tsakaninmu. Hafsatu aka sa mata, sunan Gwaggo. Ta cancanta.

Washegari da sassafe na fito da ganye.

"Yaya, likita ya hana. Akwai ɗinki."

"In ɗinkin ya warke fa?"

"Ko ya warke. Sun ce ruwa mai zafi haka ba shi da kyau. Ina yin wankana da kaina, minti biyar ne."

"Kunun kanwa fa?"

"An ce kanwa na taɓa zuciyar mai jego."

Na ce, "Haihuwa bakwai na sha kanwa. Je ki tambayi 'yan kamashon tashar Kankia ko zuciyata na da rauni."

Ta yi murmushi, irin wanda ake ma baƙo. Jaririyar ma ba a bar mani wankanta ba sai an jefa wata agwagwar roba cikin ruwan, wai ita ke faɗin zafinsa. Ni da gwiwar hannuna ta auna ruwan 'ya'ya bakwai, agwagwa ta fi ni.

Tau, mace irina in ba aiki sai ɓarna. Na sake wanke kwanukan da inji ya wanke. Na shanya zannuwa a baranda suka ɗiga kan furannin ta ƙasa, wata tsohuwa Karmen, mai ƙaramin kare da take sa ma riga. Na gai da mutane a matakala, har da tambayar iyali da gajiya, suna matsawa jikin bango. Wadda ta amsa kuma ta kamo ni ta sumbace ni kunci biyu, na tsaya kamar an dasa ni. Abincinsu ba laifi, man zaitun da burodi da kifi, sai dai a kasuwa cinyoyin alade ne rataye kamar kayan shanya, kaina a ƙasa nake wucewa. Rana tsaka kuma kowa ya rufe shago ya tafi barci, garin ya yi tsit. Na ce da Kankia ce, da na sayar da ƙuli na kwana uku kafin su farka.

Sati guda Malam ya jure, sannan ya zo da ladabi. "Yaya, akwai aji nan bayan layi, ana koya ma baƙi yaren garin, kyauta. Na ga kina son karatu." Na san kora ce. Na ɗauki biro na tafi.

Mu goma sha biyu ne, yawanci matan Maroko, sai wani dogon Basenigale mai aikin gonar tumatir. Kusa da ni wata Fatima, mai jiki, mai dariya, ita ma kaka ce. Malamar sunanta Pilar, ni Filar nake ce mata, ta gaji da gyarawa ta bari. Abu na farko da ta koya mani faɗin suna: me llamo Aisha. Ana rubuta llamo, ana cewa yamo, kada ku tambaye ni dalili.

A sati na biyu Malama Filar ta shigo da kwando: madubi, mataji, tawul, da 'yar tsana. Ta taje kan 'yar tsana ta ce peino. Ta juya ta taje nata kan ta ce me peino. Ta wanke 'yar tsana, lavo. Ta wanke fuskarta, me lavo. Wato in kai ka yi ma kanka abu, sai ka sa wannan 'yar kalma me a gaba. In wani ne ya yi ma kansa, se. Suna da tarin irin waɗannan: tashi daga barci, wanka, sa kaya, zama, kwanciya. Na ce a raina, ai dole. Mutanen da tsohuwa ke zama ita kaɗai da kare, mai jego ke wanka ita kaɗai, dole su tanadi kalmomin yi ma kai.

Sai ta ce kowa ya miƙe ya faɗi abin da yake yi da safe. Da aka zo kaina na ce, "Me levanto." Na tashi kenan. Na ɗaga hannu na nuna salla. Na ce shayi. Na zauna.

Malama ta ɗaga tawul tana kaɗawa, tana tambaya da ido. Wato wanka fa?

Yo ni in tsaya gaban ƙaton namiji in ba shi labarin wankana? Na girgiza kai. Ajin ya fashe. Fatima ta toshe hanci ta ja kujerarta gefe. Na ga in ban yi magana ba za a tafi da labari har Maroko cewa matan Katsina ba sa wanka. Na miƙe na ce da ƙarfi, "Me baño!" Banyo ake cewa. Na ɗaga yatsu biyu, sau biyu a rana. Basenigalen ya tafa mani. Abin mamaki, ban ji komai ba. Da Hausa ce da ƙasa ta tsage na shige. A yarensu kuwa kamar ba bakina ba ne.

Darasin da ya bi baya shi ya kama ni. Aka ce kowa ya faɗi 'ya'yansa: mi hijo se llama wane, mi hija se llama wance, wato ɗana sunansa wane, ɗiyata sunanta wance. Na jero shida tiryan-tiryan. Malama ta ƙirga da yatsu, ta tuna na ce bakwai. Ta nuna ƙasa, wato ta nan garin fa? Na ce, "Mamá de Hafsa." Ta ce ta gane, amma sunanta? Na duba agogo. Ta ɗauka mantawa na yi, ta dafa kafaɗata da tausayi, irin na an ga tsufa ya fara. Kafin mu tashi ta ce ranar ƙarshe kowa zai karanta takarda a kan kansa da iyalinsa, a zo da abinci, a gayyato 'yan gida.

Yanzu ga abin da kuka fi so ku ji, kuma wanda aka fi ɓatawa.

Ranar kwana ashirin da uku da haihuwa suka tafi asibiti duba ɗinki, su uku. Na zauna ni da buhun ganye. Na ce yarinyar nan tsoro aka sa mata. In ta dawo ta tarar gidan na ƙamshin bedi, ta gan ni garau na fito daga ruwan, za ta tuna Mawashi, za ta sauko. Bari in gwada a kaina.

Na jiƙa ganye na ɗaure shi dami biyu. Na ɗora tukwane huɗu kan murhun lantarki, har da butar shayi. Kwamin wankansu ƙunci gare shi, ba wurin wurga hannu, don haka na ajiye kujera 'yar tsugunno a tsakiyar banɗakin, na juye ruwan a babbar roba. A gida in ka zubar da ruwa shi ya san hanyarsa, ya bi makwarara ya fita lungu. Ban duba ba ko nan akwai makwarara. Babu.

Na yi bismilla na fara. Jama'a, shekara goma sha tara rabona da ruwan jego, na manta haka yake. Fyaɗawar farko na kira sunan uwata. Amma na ce Indo, kin zo Turai da ganye, ba ki da bakin ja da baya. Na buɗe ƙofar don tururi ya zagaya gidan. Ina cikin ta bakwai ko ta takwas wani abu a silin ya fara ihu, ƙara mai huda kunne. Kafin in gano bakinsa, ana dukan ƙofar waje kamar za a ɓalle ta.

Na zura hijabi kan ɗaurin ƙirji na taka ruwa har falo. Ruwan ya riga ni isa. Na buɗe: ga Karmen, kare a hammata, gashinta a jiƙe, bayanta mutum biyar da wani mai riƙe da jan tulun kashe gobara. Tururi ya fita ya lulluɓe su. Tana ta zuba magana tana nuna sama tana nuna kanta. Na laluba cikin kaina, duk Sifaniyancin da na mallaka na kwandon Malama Filar ne.

Na ce, "Me baño."

Karmen ta dube ni daga ganyen da ke manne a goshina har zuwa ruwan da ke bin matakala.

Na ga shirun ya yi yawa, na ƙara, "Me llamo Aisha."

Daidai nan su Malam suka hawo.

Shi ya bi Karmen ƙasa yana ba da haƙuri. Ita yarinyar ta kwantar da jaririya, ta ɗauko tsumma ta duƙa, da ɗinkinta da komai. Na ce ta bari. Ba ta bari ba. Muna ta matsa ruwa a bokiti, sai ta tsaya, tana durƙushe.

"Yaya, wai me kike nema?"

"Wanka zan maki, kamar yadda ake ma kowace ɗiya."

"Kowace ɗiya ana kiran sunanta."

Na ce, "Ke, kada ki kawo mani zancen Turawa."

"Ba na Turawa ba ne. Na san al'ada, ban ce ƙina kike ba. Amma ranar da za a shiga da ni ɗakin aiki, wata nas ce ta riƙe hannuna tana kiran sunana, ko faɗinsa daidai ba ta iya ba. Ina kwance ina tunani, in na mutu yanzu, ban san yadda yake fita a bakinki ba."

Kun san ni. Ban taɓa barin magana ta kwana a kaina ba, ko ta direban tirela. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Uwata ba ta taɓa kiran yayarmu ba, kuma ba ta mutu ba."

Ta ce, "Tau." Ta matse tsumman, ta shanya, ta shiga ɗaki.

Kwana goma sha biyu muka yi a haka. Ina kwana, lafiya lau, ga abinci, an gode. Ta fi da ladabi, abin da ya fi ciwo kenan. Ranar komawata na matsowa, ganyen na bayan ƙofa, ko kallonsa ba na yi.

Na soya ƙuli da gyaɗar kanti na kai ma Karmen ban haƙuri. Silin ɗinta ya yi taswira. Ta karɓa, ta ɗanɗana, ta ba kare rabi, na haɗiye abin da ya taso mani. Ta zaunar da ni ta ɗauko hotuna. 'Ya'yanta biyu, maza. Ta kira sunan kowane sau uku, ta sumbaci hoton. Na tambaya da hannu, suna ina? Ta nuna nesa, ta ɗaga yatsa ɗaya: sau ɗaya a shekara. Na hau matakala ina lissafi. Su suna kiran suna har da sumba, an bar su da kare. Mu ba ma kira, muna ƙetare duniya da buhun ganye. Na so in ce mun fi su. Na kai hawa na uku, na ga ƙofar ɗakin nan a rufe, maganar ta ƙi zama.

Na fara rubuta takardar ranar ƙarshe. Layin ƙarshe na rubuta shi ba wuya, hannu ba ya jin kunya. Faɗin ne aiki. In sun fita sai in tsaya gaban madubin banɗaki. In na gwada da Hausa, "Sunan ɗiyata," sai harshe ya naɗe, in ji kamar Gwaggo da uwata na tsaye bayana. In na ɗauko ta yarensu kuwa, sai in ga ina kaiwa har bakin sunan kafin in tsaya. Na ce, bakin da ya gaya ma Basenigale yana wanka, me ya rage mashi?

Na ce ma Malam, "Ka ce ma matarka ana taro ranar Alhamis. In ta ga dama."

Ta zo. Ta zauna can baya da jaririya a kafaɗa. Fatima ta kawo wani dambu nasu, ni na kai ƙuli. Da aka kira ni na miƙe, na riƙe takardar da hannu biyu.

"Me llamo Aisha. Me levanto a las seis. Me lavo. Me baño."

Ajin ya kwashe da dariya, don labarin silin Karmen ya riga ya zagaya unguwa. Basenigalen ya yi kamar yana iyo. Na bari suka gama. Na karanta 'ya'ya shida. Sannan na kafa ido kan takardar, na ce can ƙasa-ƙasa, "Mi hija mayor se llama Bilkisu."

Malama Filar, baiwar Allah, ba ta san komai ba. Ta sa hannu a kunne ta ce ba a ji ba, a sake, da ƙarfi.

Na ce a raina, Indo, an riga an jiƙe. Na ɗaga murya irin wadda nake tsai da motar Katsina da ita, na sake faɗa. Har tagogi suka amsa. Malama ta ce madalla, ta gyara mani yadda ake cewa mayor, wato babba, ta kira na gaba. Ban duba baya ba. Fatima ce ta zungure ni ta nuna da haɓa. Na saci kallo: yarinyar ta cusa fuska cikin shawul ɗin jaririya.

A hanyar gida zancen dambun Fatima muka yi, wai ya yi gishiri.

Washegari da hantsi, saura kwana huɗu in taso, ina ninke kaya, yarinyar ta tsaya bakin ƙofa da mataji a hannu.

"Yaya, ganyen nan ya ƙare?"

"Saura kaɗan."

"Likita bai hana ƙafa da baya ba. In ba zafi sosai. Kuma cikin kwami, don Allah, ba ƙasa ba."

Na dafa tukunya ɗaya. Ta jefa agwagwar roba a ciki, na bari, har na tambaye ta me agwagwar ta ce. Ta zauna bakin kwamin ta juya mani baya. Na tsoma ganye na ɗora a hankali, ba fyaɗawa. Bayan Gwaggo ne sak, har da faɗin kafaɗa, amma yatsun ƙafar nawa ne, gajeru. A ƙaurinta na hagu na ga wani dogon tabo.

"Wannan fa?"

"Jaki ya yar da ni kan garma, a Mawashi. Ina shekara tara."

"Ba a gaya mani ba."

"An gaya maki. Ina tsaye bayan Inna. Kika ce Allah ya sawwaƙe, kika ci gaba da tuya."

Na tuna ranar. Na tuna ƙulin ya ƙone, kasko guda, kuma na ce ma mutane itacen ne ɗanye. Ban gaya mata ba. Na dai wanke tabon, na sake wankewa, har ta ce, "Yaya, ai ya warke." Sannan ta zauna ƙasa tsakanin gwiwoyina na yi mata kitso, shuku, ya karkace, don rabona da kitso an daɗe. Ta duba madubi ta ce ba za ta fita da shi ba. Da shi ta raka ni tashar mota.

Tau, kun ji Turai. Masu tambaya ko ta koma ce mani Inna, a'a, Yaya nake har gobe. Masu tambayar tsaraba, kare ya cinye kilishi, ni kuma na dawo da agwagwar roba, tana wurin Maman Ifeanyi tana nuna ma masu sayen bokiti.

Duk Juma'a yarinyar takan kira. In mun gama gaisuwa, an nuna mani Hafsa, sai ta ce, "Yaya, ¿cómo me llamo?" Wai ya sunanta. Sai in bar tiren a hannun Maman Ifeanyi, in zagaya bayan shago inda ba kowa, in ba ta amsa yadda Malama Filar ta koya mani. Kada wadda ta tare ni a kasuwa ta ce in maimaita. Da Hausa har yau ban iya ba.